Mota ta mutu min a tsakiyar kasuwa, in haƙura da manuwal in sayi otomatik?

"Assalamu alaikum Kawu. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, ina kuma ɗan taɓa noma. Shekara uku kenan ina tara kuɗin mota, da kuɗin riɗi da na adashe, yayana da yake tuƙin haya shi ma ya ce zai cika min wani abu. Babban dalilina Hajiyarmu ce, duk wata sai an kai ta asibitin Malam Aminu Kano da ke Kano ganin likita, kuma shiga motar haya ya fara yi mata wahala. Na fara koyo da Golf ɗin yayan nawa, manuwal ce, bai fi sau shida na taɓa ja ba. Ranar kasuwar Gujungu ya ce in karɓi sitiyari, mota ta mutu min sau uku a cikin jama'a, ana ta danna min hon, 'yan acaɓa na dariya, shi kuma yana min faɗa a gaban mutane. Tun daga ranar ban sake taɓa mota ba. Yanzu dillali ya kawo min guda biyu, Golf 3 manuwal mai sauƙin kuɗi, da Corolla otomatik wadda in na saye ta ba abin da zai rage a hannuna. Yaya ya ce otomatik motar mata ce da ragwaye, in ta lalace ba mai gyara ta a nan, kuma in na saya ba ruwansa. Iyalina kuma otomatik ɗin take so don ita ma tana son ta koya, ko ba na nan ta iya kai Hajiya ko yara asibiti. Daga gidanmu zuwa bakin kwalta akwai 'yar tafiya cikin yashi, da damina kuma taɓo. Kaina ya ɗaure Kawu, a ba ni shawara." Malam A., daga Jigawa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa wannan niyya taka ta zama silar albarka a gidanku. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma wallahi inda na fi daɗewa ba wajen maganar Golf da Corolla ba ne, wajen da ka ce tun ranar ba ka sake taɓa mota ba, nan na tsaya. Mutum da girmansa, malamin da yara ke durƙusawa su gaishe shi a hanya, a ce an taru ana masa dariya a bakin kasuwa ɗan'uwansa na jini kuma yana ɗaga masa murya, ai dole abin ya zauna a rai, ba wanda zai ce maka ba komai ba ne. Amma ɗana ina so mu raba abu biyu tun yanzu, kunyar ranar kasuwa daban, zaɓen mota daban. Kuɗin shekara uku ne a hannunka, bai kamata dariyar 'yan acaɓa ta yanke maka hukunci a kansa ba, haka kuma bai kamata gorin yaya ya yanke ba.

Sau shida fa ka ce ka ja mota. Sau shida! Wanda ya ja manuwal sau shida aka jefa shi cikin Gujungu ranar kasuwa, ga manyan motoci na lodi, ga amalanken shanu, ga masu tura buhuna a baro, ga awaki na tsallake titi, ga babura ta ko'ina kamar ƙudan zuma, in motar ba ta mutu ba shi ne abin mamaki. Irin wurin nan da ake matsawa taku biyu a tsaya, shi ne mafi wuyar abin da ake yi da kuloci gaba ɗaya, ya fi gudu a kan kwalta wuya nesa ba kusa ba. Kaga an ba ka jarrabawar aji shida alhali kana aji ɗaya, kai malami ne ka fi ni sanin abin da hakan ke yi wa zuciyar ɗalibi. Ni da tsohuwar Pijo 504 na koya, kuma har yau ina tuna ranar da ta mutu min a ƙofar masallacin Juma'a daidai lokacin da aka sallame, jama'a na fitowa, ƙafata ta hagu na rawa a kan kuloci na kasa tsayar da ita, wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce yaro kwantar da hankalinka, sake kunnawa, ba inda muke sauri. Wannan kalmar ce ta sa ban ajiye tuƙi ba. Kai ba ka samu mai faɗa maka ita a ranar ba, toh ni ga shi ina faɗa maka yau.

Ba ka faɗa ba amma inaga kana hawa babur, da wuya malamin ƙauye mai gona a ce ba ya hawa. In Boxer ce ko wani mai kuloci a hannu, toh ai ka riga ka iya rabin abin ba ka sani ba. Yadda kake sakin kulocin babur a hankali kana murɗa totur har ka ji ya ɗauka, shi ɗin ne dai a mota, daga hannun hagu ya koma ƙafar hagu, shikenan. Ƙafar ce ba ta saba ba tukuna. Kuma in kana son ka gane me ya sa take mutuwa, ka tuna injin niƙan garinku. In mai niƙa ya juye hatsi gaba ɗaya lokaci guda sai ka ji injin ya shaƙe ya yi ƙugi ya mutu, amma in yana zubawa kaɗan-kaɗan sai ya yi ta ci lafiya. Injin mota yana juyawa, tayoyi suna tsaye da nauyin mota a kansu, kuloci shi ne farantin da ke haɗa su. Ka sake shi farat ɗaya, ka juye wa injin nauyin duka, sai ya mutu. Otomatik kuwa ba ta da wannan farantin a ƙarƙashin ƙafarka, mai ne a tsakani yake ɗaukar juyawar injin ya kai wa giya, shi ya sa za ka taka birki ka tsaya cak tana cikin giya injin bai mutu ba, kana ɗaga ƙafa kuma ta fara rarrafawa da kanta.

Yanzu maganar yayanka. Rabinta gaskiya ce tsantsa, rabinta kuma maganar tasha ce kawai. Cewa otomatik ta mata ce da ragwaye, wannan ka bar shi a inda ka ji shi. A Amurka kusan duk motocin da ke kan titi otomatik ne, shi ya sa ma yawancin waɗanda ake shigo mana da su daga can haka suke zuwa, na Turai ne aka fi samun manuwal a tsofaffinsu. Manyan motocin da sarakuna da gwamnoni ke shiga ma mafi yawansu otomatik ne. Kuma ko da ta mata ce ina laifi, Hajiyar da za a saya dominta ai mace ce. Amma ɗaya rabin, cewa in ta lalace ba mai gyara a kusa, wannan kar ka yi wasa da shi don kana jin haushinsa. Mutumin nan a kan titi yake cin abinci, ya ga motoci da yawa an ɗora su a janwe an nufi Kano da su. Manuwal in kulocinta ya cinye, kusan duk bakaniken da ke Ringim ko Taura ko Gumel zai sauke giyabos ya canza filet, wato farantin kulocin, ya mayar maka cikin yini, kayan ma in babu a nan a aika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano direban haya ya taho da su da yamma. Giyabos ɗin otomatik kuwa in ya kwanta, kanikawan da suka san cikinsa da gaske ba su da yawa, yawanci a birni suke, kuma sau da yawa abin da za a ce maka shi ne a sauke a ɗora wani na Beljiyam, kuɗinsa kuma ya ninka na canjin kuloci ba sau ɗaya ba. Toh kai da ka ce in ka sayi Corolla ba abin da zai rage a hannunka, ranar da hakan ta faru ina za ka sa kanka? Motar za ta zauna a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta, Hajiya ta koma motar haya, kai kuma ka koma jiran kakar riɗi.

Akwai kuma maganar batir, ƙaramar magana ce a birni amma a ƙauye babba ce. Manuwal in batir ya yi sanyi da asuba, yaran unguwa huɗu su tura, ka sa giya ta biyu ka saki kuloci ta tashi, muddin dai batirin bai mutu murus ba. Otomatik ba a tura ta ta tashi, sai an samo wani batir ko wata mota an haɗa waya. Ka ɗauka ƙarfe biyun dare ne ana buƙatar asibiti. Wannan yana da magani dai, a sayi wayar haɗa batir a ajiye a but kuma kar a bar batir ya tsufa, amma ka sa shi a lissafi. Haka ja da igiya, manuwal ka sa ta a firi a ja ta, otomatik kuwa jan ta tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa injin a kashe yana iya ƙona giyabos, don famfon da ke zagaya man ba ya aiki sai injin na juyawa.

Yashin hanyarku kuma, a nan mutane na yawan kuskure, suna ɗauka manuwal ce kaɗai ke iya yashi. Gaskiya ga sabon direba otomatik ta fi sauƙi a cikin yashi, ka sa ta a ƙaramar giya, wato L ko 2, ka ba ta wuta daidai-daidai kar ka tsaya, tana tafiya ba yankewa. Sabon hannu a manuwal shi ne zai tsaya canza giya a tsakiyar yashi mota ta nutse, sai ya yi ta ba ta wuta da rabin kuloci har ka ji ƙauri ya cika motar, filet ɗin kenan yake ƙonewa. Amma in hannu ya faɗa, ka shiga da giya ta biyu tun daga bakin yashin ka bi sawun da aka riga aka taka, ba matsala. Abin da ya fi giya muhimmanci a hanya irin taku shi ne tsayin ƙasan motar da lafiyar taya, don duka biyun nan ƙananan motoci ne masu ja da tayoyin gaba, ba wadda aka ƙera don jeji. Ruwa kuma ka ji tsoronsa ko wacce ka saya. Ku da kuke ƙasar Ringim ba sai na ba ku labarin ambaliyar 2022 ba, kun san yadda ruwa ke hawa hanya. Injin in ya shaƙi ruwa ya gama, otomatik kuma tana da ƙarin rauni, ruwa in ya shiga man giyarta faifan cikinta lalacewa suke. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba kar ka shiga, ka bari wani babba ya wuce ka gani ko ka juya.

Mai kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita. Tsohuwar otomatik mai giya huɗu takan ɗan fi manuwal mai giya biyar shan mai in duk lafiyarsu ƙalau, amma bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi a tasha ba, tsohon injin da ya gaji yana hayaƙi zai sha fiye da haka ko da manuwal ne. Kar wannan ya zama shi ne ma'auninka.

Inda otomatik ta yi wa manuwal fintinkau shi ne daidai aikin da za ka saya dominsa, dole in faɗi wannan don adalci. Daga Ringim zuwa Gezawa ba wani abu, ka sa giya ta biyar ka miƙe. Amma daga Yankaba ka shiga gari, ga adaidaita sahu na kutsowa ta hagu da dama, ga danja, ga 'yan KAROTA masu kula da titunan Kano, ga cunkoso har ka kai titin Zariya inda asibitin yake, nan ƙafar hagu ke gane kurenta. Kuma ga dattijuwa mara lafiya a baya, duk fizgar da mota ta yi a jikinta take ji. A otomatik hankalinka duka yana kan titi, hannu biyu a sitiyari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba ragwanci ba ne. Sai dai sau ɗaya ne a wata, kuma watannin farko ba dole kai za ka shiga da ita cikin gari ba, za ka iya ja zuwa Gezawa yaya ko wani da hannunsa ya faɗa ya karɓa, kana gefe kana kallon ƙafarsa.

Sai iyalinka, Allah ya yi mata albarka. Matar da ke tunanin wa zai kai surukarta asibiti in mijinta ba ya nan, ka riƙe ta da kyau, kuma kar ka bari maganarta ta zama ita ce ta ƙarshe a lissafi don kawai muryar yaya ta fi ƙarfi. Ka zauna da ita ka tambaye ta tsakani da Allah, otomatik ɗin take so don ta gwada manuwal ta ji ba za ta iya ba, ko don ta ga abin da ya same ka ta tsorata, ko don an saba cewa mata sai otomatik? Mata da yawa sun yi shekaru suna jan Pijo da Starlet manuwal a garuruwan nan tun kafin otomatik ta yawaita, ƙafar mace ba ta da wani aibu. In da gaske za ta riƙa ja, toh ita ma a kai ta fili ta gwada kafin a biya kuɗin kowace mota, abin da ta ji a ƙafarta a saurare shi. In kuma a zuciyarka ka san ba a shirye kake ka bar ta ta ja ba, ko gidanku ba za su yarda ba, gara ka faɗa mata gaskiya yanzu da a sayi mota da sunanta a zo ana hana ta makulli, wannan yana barin tabo a zaman aure.

Toh ga abin da nake so ka yi, kuma dan Allah kar ka ba dillali ko sisi kafin ka yi shi. Ka ba kanka sati huɗu. Ka nemi fili shimfiɗaɗɗe mai tauri, filin ƙwallon makarantarku bayan an tashi ko filin idi, inda ba mai kallo sai tsuntsaye. Ka cire silifas ka sa takalmi mai kama ƙafa mara tudu, babbar riga ma a ajiye ta tukuna don hannunta na kama sandar giya. Ka gyara kujera yadda za ka taka kuloci har ƙasa gwiwarka ba ta miƙe sambal ba. Ranar farko ka manta da totur gaba ɗaya, ka taka kuloci, ka sa giya ta ɗaya, ka riƙa ɗago ƙafa a hankali a hankali har ka ji ƙarar injin ta ɗan sauka motar ta yi 'yar karkarwa kamar tana son ta motsa, toh nan ne wurin, ka tsayar da ƙafarka a nan kar ka ƙara, za ka ga ta fara tafiya da kanta, sannan ka ƙarasa saki. Ka taka kuloci da birki ka tsaya, ka sake. Sau ashirin, sau talatin, har ƙafar ta haddace wurin kamar yadda yaro ke haddace allo. Bayan kwana biyu ka fara haɗawa da totur kaɗan, sai giya ta biyu, sai ribas. Sati na biyu ka nemi 'yar gangara, ko hawan kwalbati ne, ka koyi tashi da birkin hannu, ka ja shi, ka kawo kuloci wurin nan da ka haddace har ka ji gaban motar ya ɗan ɗaga, ka sauke birkin ta wuce ba ta koma baya ba. Kuma ka riƙa kashe ta da gangan kana koyon tayarwa, birki, kuloci, firi, makulli, giya ta ɗaya, har ya zama in ta mutu a cikin mutane hannunka zai yi aikin kafin kunya ta iso. Abu biyu ka kiyaye tun yanzu kafin su zama ɗabi'a, kar ka ɗora ƙafa a kan kuloci kana tafiya don yana cinye filet a banza, kuma kar ka koyi sa mota a firi a gangara don tsimin mai kamar yadda wasu 'yan haya ke yi, birki kaɗai ake bari da nauyin mota kuma rayuka ne a ciki.

Wa zai koya maka? Ni dai da ba yaya ba, aƙalla a makonnin farko. Ba don bai iya ba, sau da yawa wanda ya fi kowa iyawa shi ne ya manta yadda rashin iyawa yake, kuma tsakanin wa da ƙani faɗa ba ya wuyar tashi. Tunda dama sabon lasisi sai ka bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta amince da ita, ka nemi ɗaya a Dutse ko Kano lokacin hutun makaranta, ka ce da manuwal kake so, ka karɓi takardar izinin koyo ka manna jan L ɗinka gaba da baya. L ɗin nan ba abin kunya ba ne, yana sa na bayanka ya ba ka tazara.

Shi kuma yaya ka same shi ku biyu, ba a tasha ba, ba a gaban Hajiya ba, bayan sallar isha'i haka in gari ya yi shiru. Ka ce masa Yaya abin da ya faru a kasuwa ya yi min ciwo, amma na san don kana so in iya ne, kuma ba zan sayi mota ba sai ka duba min ita. Ka ga ka faɗi naka ka kuma ba shi girmansa. Inaga har da tsoro a cikin faɗansa, ya san duk ranar da motar ta tsaya a hanya da Hajiya a ciki shi za a fara kira, kuma yana son ta zama irin wadda ya san kanta. Game da kuɗin da zai cika, ku yi magana a fili, kyauta ce ko rance ko da sharaɗi, don kar gobe a ce motarmu alhali kai kana cewa motata.

Yanzu motocin biyu da dillali ya kawo. Kar ka yarda a ce maka duniya ta ƙare a kansu, shi la'adarsa yake nema kuma bai yi laifi ba, amma kai ba gaggawa kake ba. Golf 3 ƙirar shekarun 1990 ce, ko wacce ka gani ta haura shekara 25, kuma da yawansu a nan sun ci duniya a haya, an yi musu lodin mutane da buhuna har but ba ya rufuwa. Sauƙin kuɗinta zai iya zama tarko, araha ba ta ado. Manuwal da ta gaji ba ta fi lafiyayyar otomatik ba ko kaɗan. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, da safe kafin a ɗumama injin. A ja birkin hannu a sa giya ta uku a saki kuloci a hankali, lafiyayyen kuloci zai kashe injin, in kuwa injin ya ci gaba da juyawa toh filet ya cinye. A hau titi a shiga kowace giya a ji ko tana gurzawa ko tana fitowa da kanta, a leƙa ƙasa a duba tsatsa da walda da yoyon mai, a duba hayaƙi.

Corolla kuma in irin ta 2003 zuwa 2008 ce mai giya huɗu, giyabos ɗinta yana cikin waɗanda aka sani da juriya in an kula da mansa, shi ya sa take riƙe kuɗinta in an tashi sayarwa. A ɗumama ta, a tsayar a wuri daidai tana kunne a P, wato fakin, a zaro sandar gwajin man giya a goga a farin ƙyalle. Ja mai haske shi ake so, in ya yi baƙi yana ƙauri ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ka yi sallama ka tafi ko nawa aka rage maka. Ka taka birki ka sa D ta tafiya gaba, ka sa R ta ribas, ya kamata ta kama nan take ba dogon jira ba bugu. A kan titi ka saurara, in injin na ihu mota ba ta ƙara gudu toh giyar na sulɓewa. A sa mata kwamfuta a duba, kuma ka lura fitilar injin ta kama in an murɗa makulli sannan ta mutu in mota ta tashi, don akwai masu cire ƙwan. Takardun kwastan da lambar jikin mota su ma a tabbatar sun dace, ko wacce ce. In ita ka saya, ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu ta kwanta, ka tsaya cak kafin ka koma daga D zuwa R, kuma kar ka bari kowa ya zuba mata man giyar manuwal ko duk jan man da ya samu, sai irin wanda aka rubuta a jikin sandar ko a littafin motar.

In ka ce Kawu kai me za ka yi a matsayina, ni dai manuwal zan nema, amma ba lallai wannan Golf ɗin ba. Zan nemi lafiyayya wadda ba ta yi haya ba, ko Golf ko Corolla manuwal irin ta Turai ko wata da kanikawan Ringim suka saba da ita, wadda bayan na biya zai rage min abin canza taya da batir da baƙin mai da yin takardu, da ɗan abin ajiyewa don ranar da ba a fata. Dalilina shi ne wahalar kuloci ta 'yan makonni ce tana wucewa, nisan gareji da rashin kuɗi a hannu kuwa kullum suna nan. Amma in sati huɗun nan suka cika ka ga har yanzu gabanka na faɗuwa in ka zauna a kujerar, ko iyalinka ta gwada da gaske ta ce ita fa sai otomatik kuma ka san za ta riƙa ja, toh ka sayi otomatik kanka a ɗage, sai dai ka ƙara haƙuri zuwa bayan kaka ka haɗa abin da zai zauna a gefe, kar ka shige ta da aljihu wayam. Kafin nan Hajiya a riƙa biya mata kujerar gaba ita kaɗai a motar haya, ko yaya ya ware ranar asibitin kai ka zuba mai.

Ka rubuto min bayan sati huɗun in ji yadda filin makaranta ya kasance, da abin da iyalinka ta ce bayan ta taka kuloci da ƙafarta. Ka gaishe min da Hajiya da jiki, ka ce Kawu na yi mata addu'a.